Sai An Yi Difloma Kafin A Shiga Jami'a?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, akwai gardama guda da takan tashi a gidajenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum. Akan ji ta a ƙofar majami'a bayan sujada, akan ji ta har a taron zumuntar mata. Uba ya ce wa ɗansa, "Ka fara zuwa Maru ko Mafara tukuna, ka samo takarda a hannu, sa'an nan ka yi zancen jami'a." Yaro kuwa ya ɓata rai, gama abokansa suna shirin Sakkwato da Gusau da Zariya. Uwa tana tsakani, ba ta san wanda za ta bi ba, ita dai ta san daga cikin rumbunta da awakinta kuɗin zai fito.

Da yawa daga cikin iyaye sun gaskata cewa dole ne a yi difloma ko NCE kafin jami'a ta karɓi mutum. Wannan ba haka yake ba. Babu wata doka a Nijeriya da ta ce sai da difloma ake shiga jami'a. Yaron da ya gama sakandare da kiredit biyar, da Turanci a ciki, da Lissafi kuma ga mafi yawan fannoni, ya cika shekara 16, ya ci jarrabawar JAMB da makin da jami'ar take nema, yana da iko ya shiga aji ɗaya kai tsaye. Mafi yawan ɗaliban da ke jami'o'inmu ta wannan ƙofa suka shiga.

To, daga ina iyayenmu suka samo wancan ra'ayi? Ba daga iska suka ɗauko shi ba. A zamaninsu hanyar ke nan. Mutum yakan gama firamare ya shiga kwalejin horon malamai, kamar tsohuwar kwalejin Maru inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya ajiye aiki a 1950, ya fito da takardar malanta mai daraja ta biyu. Bayan ya yi shekaru yana koyarwa, sai ya nemi babbar kwalejin malamai ta Zariya, ko ta Sakkwato wadda aka buɗe a 1970, ita ce yau ake kira Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Daga can ne, in Allah ya nufa, zai ga ƙofar jami'a, sau da yawa da furfura a kansa da 'ya'ya huɗu a gida. Wanda ya bi ta sakandare ma sai ya ƙara shekara biyu a manyan azuzuwa, ko ya shiga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello. Jami'ar Sakkwato sai a 1975 aka kafa ta, hukumar JAMB kuwa a 1978. Dattijon da ya ce sai an taka tsani kafin a hau, abin da ya gani da idonsa yake faɗi. Sai dai tsarin ya sake tun da daɗewa, labarin ne bai iso wasu gidaje ba.

Ƙofa ta biyu tana nan har yanzu, ita ce yara suke kira DE, watau shiga jami'a daga aji biyu. Wanda yake da diflomar ƙasa, wadda ake kira ND, ko NCE, ko sakamakon IJMB, ba ya sake zama jarrabawar JAMB. Yakan sayi fom ɗin DE a wurin hukumar, jami'a ta duba takardunsa, in ta yarda ta sa shi aji biyu. Ga wanda bai yi lissafi ba, abin yana da daɗin ji: ga takarda a hannu, ga tsallake aji. Amma Ubangijinmu ya ba da misalin mai ginin hasumiya a cikin Luka sura 14, wanda ya kamata ya zauna ya ƙidaya abin da ginin zai ci kafin ya sa harsashi. Bari mu zauna mu ƙidaya.

Digiri na yau da kullum shekara 4 ne ga wanda ya shiga aji ɗaya. Wanda ya fara da ND a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, zai yi shekara 2 a can, ya yi 3 a jami'a, 5 ke nan. Wanda ya fara da NCE a Maru zai yi 3 a can, 3 a jami'a, 6 ke nan. Shekara 3 na NCE aji ɗaya tak suke saya masa. Wannan kuwa lissafi ne na kan allo, wanda bai san jiran sakamako ba, bai san yajin aiki ba. Malaman jami'a sun yi yajin wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022. Mu kuma a Zamfara muna da namu ƙarin: bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 an rufe makarantun kwana, a Satumban wannan shekara aka rufe makarantu duka, aka kuma katse layukan waya. Yaran da suka bi ta cikin waɗannan shekaru, da yawansu sun gama sakandare sun haura ashirin.

A ce yaro ya gama yana da 21. Ya zauna shekara biyu a gida ana neman kuɗi, ya yi NCE, ya jira shekara guda kafin takardarsa ta fito ya samu gurbi, ya yi uku a jami'a. Ya kai 30 ke nan ba tare da ya faɗi ko darasi ɗaya ba, yajin aiki guda kuwa ya isa ya haura da shi. Wanda ya wuce shekara 30 a lokacin da ya gama digiri ba a tura shi bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Takardar tana aiki wurin neman aiki, amma alawus ɗin wata wata, wanda ya koma naira 77,000 a 2025, ya wuce shi, shi ne kuwa jarin farko da yaran talakawa da yawa suke fara rayuwa da shi.

Duk da haka ba zan ce wa kowane uba ya bar zancen difloma ba. Ni mai rubutun nan difloma gare ni, da ita nake koyarwa, da ita nake ciyar da gidana, na kuwa san darajarta. Akwai gidajen da ita ce hanyar da ta fi dacewa da su, nan ne kuma nake so mu daɗe kaɗan.

Da fari, ƙofar JAMB ƙunci gare ta. A 2025 kusan yara miliyan biyu suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A shekarar an sa mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150, na kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha kuwa 100, amma fannonin da ake rububinsu, kamar likitanci da shari'a da aikin jinya, makinsu yana can sama nesa. Jarrabawar a kan kwamfuta ake yin ta tun 2015. Yaron da ya taso a ƙauyen Bukkuyum, wanda bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, a makarantar da wataƙila ta yi shekara ba malamin Kimiyya, shi ne ake gwada shi da yaron Legas da na Abuja a ma'auni guda. In ya faɗi sau ɗaya, ya faɗi sau biyu, zaman gida ba alheri ba ne a ƙasar nan. Muna ganin inda zaman banza yake kai samari: ramin zinariya, ko abin da ya fi shi muni. Gara ya tafi kwaleji da makin da ya samu, ya zauna gaban malamai, hankalinsa ya buɗe. Na ga yaran da sakandare ba ta gina su ba, kwaleji ta gina su, suka shiga jami'a daga baya suka fi waɗanda suka riga su.

Na biyu kuma, shi ne wanda ya fi nauyi a wurina. Wane uba ne a cikinmu zai iya ɗaukar alkawarin shekara huɗu? Manomi ne, gonarsa tana bayan gari inda ba ya iya zuwa sai an biya 'yan bindiga. Ɗan kasuwa ne, kayansa suna bin hanyar Daki Takwas zuwa Anka da addu'a. A Janairun 2022 an kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin 'yan kwanaki, a Agustan 2024 ruwa ya cinye gidaje a Gummi. Gidan da yau yake biyan kuɗin makaranta, gobe yana iya zama gidan 'yan gudun hijira. Yaron da ya yi shekara uku a jami'a kuɗi ya yanke, da takardar sakandare zai dawo gida, shekarun nan uku ba wanda zai ba shi aiki da su. Wanda ya yi shekara uku a Maru kuwa ya dawo da NCE, ita ce mafi ƙarancin takardar da ƙasa ta yarda a koyar da ita. Albashin malami ba abin fahariya ba ne, kowa ya sani, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Da wannan guntun gatari mutane da yawa suka biya wa kansu digiri, suka kuma ja ƙannensu.

Haka yake, har ma fiye, ga 'ya'yanmu mata. Yarinya takan fara karatu, a shekara ta biyu ko ta uku maganar aure ta taso, mijin kuwa bai san alkawarin da aka yi mata ba. Wadda ta shiga ɗakinta da NCE a akwati, ko da an ɗaga digirin shekara goma, tana da abin yi, tana da ƙofar komawa. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau domin mata aka kafa ta. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya ikon ba da digiri tare da NCE, saboda haka yana da kyau iyaye su tambayi kwalejin da 'yarsu take ko fanninta yana cikin waɗanda aka fara. Ba na cewa yarinya ba za ta tafi jami'a kai tsaye ba. In tana da maki, gidan kuma yana da ƙarfi, ta tafi, kada wani kawu ya tsare ta da cewa NCE ta ishi mace.

Amma fa wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya bi ta da ido buɗe, gama ramuka gare ta, yaranmu kuwa suna faɗawa kowace shekara.

Babban ramin shi ne barin karatu a tsakiya. A Amurka, inda ake da ƙananan kwalejoji na shekara biyu, ɗalibi yana iya tashi kafin ya gama, ya koma jami'a, a lissafa masa darussan da ya ci in jami'ar ta yarda da su. Waɗansu yaranmu suna karanta irin wannan a intanet su zaci haka yake a nan. A nan rabin difloma ba a bakin kome yake ba. Wanda ya yi shekara ɗaya da rabi a Mafara ya bari, in yana son jami'a sai ya koma JAMB ya fara daga aji ɗaya, kamar bai taɓa fita daga gida ba. Akwai yaran da sukan shiga kwaleji da rabin zuciya, kowace shekara suna sake JAMB a ɓoye, ba su mai da hankali nan ba, ba su ci can ba, a ƙarshe biyu babu. In yaro zai sake gwada JAMB, ya yi a shekararsa ta fari, iyayensa suna sane. In ya samu, ya tafi, asarar shekara guda ce. In bai samu ba, ya kafa kai ya gama abin da ya fara.

Gamawar ma ba kowace iri ba. Jami'a ba ta karɓar mai DE domin kawai yana riƙe da takarda, sai ta duba darajar sakamakonsa. Wanda ya fita da kyar, da mafi ƙanƙantar daraja, zai iske ƙofar a rufe. Guraben aji biyu kaɗan ne, masu nema kuwa daga kwalejoji da yawa suke zuwa. Har wa yau kiredit biyar ɗin nan na sakandare suna nan suna jiransa. Kwaleji takan karɓi yaro da ƙasa da abin da jami'a take nema, shi kuwa ya manta, sai ya gama shekara uku a ce masa ba shi da Turanci. Wanda ya san yana da giɓi, ya cike shi da NECO ko WAEC tun yana shekarar fari a kwaleji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun fanni. Difloma tana kai mutum ga digirin da yake danginta ne kaɗai. Mai ND a aikin gona zai nemi aikin gona, a Sakkwato ko a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda take kusa da mutanen Gummi. Mai NCE a Hausa da Ilimin Zaman Jama'a ba zai wayi gari a ajin shari'a ba. Tun bayan gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka kamar Bagega da Dareta da 'Yargalma, samari da 'yan mata da yawa a nan suka sa zuciya ga aikin lafiya, abin kirki ne kuwa. Amma iyaye su sani, takardar ma'aikacin lafiya na karkara, irin wadda ake yi a Tsafe, aiki ne mai daraja da kansa, ba matakin zama likita ba ne. Yaron da likitanci ne a ransa, ko dai ya ci JAMB da maki mai yawa, ko ya bi ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello take gudanarwa. Ana yin ta cikin kamar shekara guda, a wurare irin su makarantar share fage ta jami'ar da ke Funtuwa, tana kuma kai mutum aji biyu in ya ci da kyau, watau ba ya asarar shekara. Aibinta ɗaya: ba takardar neman aiki ba ce. In bai samu gurbi da ita ba, ba abin da ya riƙe.

Akwai kuma takardun da sunansu difloma amma ba su da ƙafar tafiya. Diflomar ƙasa ita ce wadda hukumar NBTE da ke Kaduna ta amince da makarantar da kuma fannin. NCE kuwa tana ƙarƙashin hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE. Bayan waɗannan akwai diflomomi barkatai, na makarantu masu zaman kansu, da waɗanda wata makaranta take bayarwa ita kaɗai ta san da su. Mai talla zai ce maka, "Baba, da wannan ɗanka zai shiga kowace jami'a." Kada ka ba shi kobo sai ka ga sunan makarantar da na fannin a cikin littafin JAMB, ka kuma ga takardar shiga da ta fito daga hukumar JAMB kanta. Tun 2017 duk gurbin karatu ta na'urar hukumar yake bi. Yaron da kwaleji ta ɗauka ta bayan gida, ba sunansa a wurin JAMB, zai sha wuya ranar da ya je sayen fom ɗin DE. Hukumar ta ƙara tsananta bincike tun da ta bayyana a 2023 cewa daga cikin takardun DE 148 da Jami'ar Bayero ta bincika, 6 ne kaɗai na gaskiya. Abin kunya ne a ji ɗan ekklisiya a cikin masu sayen sakamako, ban da haka ma yanzu kama su ake yi, wani lokaci bayan sun yi nisa da karatu.

Wannan gargaɗi ya shafi makarantunmu na Littafi Mai Tsarki. Saurayin da ya ji kira ya tafi ya yi difloma a tauhidi, ekklisiya ta san takardarsa, tana kuma girmama ta. Jami'ar gwamnati kuwa ba lalle ta san ta ba, sai in makarantar tana da haɗin gwiwa da wata jami'a, kamar yadda kwalejin tauhidi ta Bukuru take da Jami'ar Jos. Kiran Allah ba ya jiran hatimin jami'a, amma a gaya wa yaron gaskiya tun da wuri, kada ya tafi da wani zato dabam.

Waɗanda suka riga suka yi NCE ko difloma suna aiki, da iyali a wuyansu, ba sai sun ajiye aikin ba. Akwai karatun digiri na lokacin dogon hutu domin malamai, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa mai cibiya a Gusau. Ga 'yan makarantun gwamnati kuma akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Bashi ne dai, ba kyauta ba, a shiga da sanin haka.

Game da nisa da tsaro, ba zan ruɗi kowa ba. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da ta Jiha a Talata Mafara, sun kawo digiri kusa da gida, amma a Satumban 2023 an sace ɗalibai daga gidajen haya a Sabon Gida kusa da jami'ar Gusau. Maru da Mafara da Ƙaura su ma ba a bayan ganuwa suke ba. Zaɓen kwaleji maimakon jami'a ba ya rage wannan damuwa. Abin da iyaye za su duba shi ne inda yaron zai kwana, da wanda zai riƙa sa ido a kansa. A haɗa shi da fasto ko wani dattijon ekklisiya na garin tun ranar da ya sauka.

Ekklisiyoyinmu a wannan yanki ƙanana ne, amma da wuya a rasa malami ko ma'aikacin asibiti ko ɗan bautar ƙasa guda a cikinsu wanda ya san waɗannan al'amura. Ina roƙon dattawa su keɓe yammacin Lahadi ɗaya kafin a fara sayar da fom, a tara yaran ajin ƙarshe da iyayensu, kowa ya zo da takardunsa. A buɗe littafin JAMB a waya, a duba abin da jami'ar da yaron yake so take nema a fanninsa, a aji ɗaya da kuma a aji biyu, gama kowace jami'a da nata sharaɗi. A duba sunansa da ranar haihuwarsa a katin ɗan ƙasa, wanda sai da lambarsa ake yin rajistar JAMB tun 2021, a ga ko sun yi daidai da na sakamakon sakandare. Yaranmu da yawa suna da suna biyu, na gida da na baftisma, Ɗanjuma a wannan takarda, Bulus a waccan, gyaran kuwa yakan ci watanni da kuɗin mota zuwa Gusau.

A wannan zama ne kuma za a ɗauki hoton kowace takarda a waya, a aika wa wani ɗan'uwa da ke Gusau ko Sakkwato ko Zuru ya ajiye. Mai neman DE takardunsa na asali ake tambaya, na sakandare da na kwaleji, akwai kuwa gidajen da suka gudu da dare daga ƙauye, ko ruwa ya shiga musu ɗaki, ba su fita da ko ɗaya ba. Wanda yake da hoton takardarsa da lambar jarrabawarsa yana da inda zai fara neman wata.